Goggo da Gonarta Marar Shara

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Goggo ta riga mu tafiya ranar Talata da hantsi, a gidan 'yarta da ke unguwar Alkalawa a Yola, mako guda bayan saukar ruwan farko. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara tara, lokacin da mahaifina ya rasu. Yau ni kaina na haura saba'in, na daɗe da ajiye aikin malamin gona, amma har ta koma ga Allah ba ta daina aikena ba.

Zaman makokin ya tara mutane fiye da yadda muka zata. Mu maza muna kan tabarmi a ƙofar gida, sai ga mata daga Girei da Sangere suna ta sauka daga motoci, wasu da laka a ƙafa domin a gona labarin ya same su. Wannan ta yi gaisuwa da Fillanci, waccan da Hausa, kowa da abin da ya tuna. Liman ya ce bai taɓa jin Goggo ta yi da mutum a bayan idonsa ba, sai dai ta zaunar da kai ta wanke ka tas. Babban ɗan Bappa, wato ɗan yayan mahaifina, ya gyara zama ya ce, "Allah ya jiƙan Goggo, amma shanun babanmu sun sha yunwa a hannunta." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka shafa fatiha. Wata mai soya awara a kasuwar Jimeta ta tsaya daga gefe tana share hawaye, ta ce a hannun Goggo kakarta ta fara ganin waken soya da idonta.

Can sai wani malamin jami'a, matashi mai ladabi, ya durƙusa a gabana. Ya ce sau uku yana kai ɗalibansa gonar Goggo. "Baba, ai mun san tarihin," in ji shi. "Ku ne kuka koya mata shuka ba tare da huɗa ba, tun zamanin Jihar Arewa maso Gabas. Har yanzu da ku ake ba mu misali." Na ce masa Allah ya yi albarka, na sunkuyar da kai. Wannan magana ta fi shekara hamsin tana bina, ban taɓa gyara ta ba, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro.

Ranar sadakar uku, bayan jama'a sun ragu, 'yar Goggo ta kira ni cikin gida. Ƙanwata ce, tare muka tashi a ɗaki ɗaya. Ta jawo wani ɗan tulu daga ƙarƙashin gadon marigayiya, an toshe bakinsa da totuwar masara.

"Hamma, ta ce in ba ka hannu da hannu," ta ce, da kiran da ake yi wa yaya a Yola. "Ta ce ka san halin abin. Kada damina ta wuce shi yana cikin tulu."

Na cire totuwar. Waken soya ne gauraye da toka, ƙanana masu ɗan baƙin ido, irin da ba a samu a kasuwa yanzu. Lalle na san halinsa. Dawa takan yi shekara uku a rumbu ka shuka ta tsiro, amma waken soya ba ya jira. Mai ne a cikinsa, kuma a zafin Yola in ya tsallake damina ɗaya ba a sa shi a ƙasa ba, ya mutu ke nan, ko da a ido yana nan sumul. Wannan iri ya kai yau ne domin tun shekarar 'yancin kai Goggo ba ta taɓa barin damina ɗaya ta wuce ba. Bara ma a kan kujera aka ɗauke ta zuwa bakin gona, tana nuna wa mata wurin da za su sara. Ga shi yanzu a hannuna, ni da ba ni da gona, ba ni da gwiwa.

Yadda ta same shi, mijinta na fari ma'aikacin jirgin ruwa ne, irin jiragen da kan hauro Binuwai da damina su ɗauki gyaɗa da auduga a Jimeta. Aiki ya kai su Makurɗi. A can wata maƙwabciyarta 'yar ƙabilar Tibi ta nuna mata wani wake da ba ya nuna a tukunya ko an kwana ana hura wuta, amma in aka yi daddawa da shi ba ka neman kalwa. Mijin ya rasu, Goggo ta dawo gida a jirgi da 'yarta, da irin waken ƙulle a haɓar zane. A rabon gado aka ba ta wata gona a Girei, tudu mai yashi a bakin hanya, wadda 'yan'uwanta maza ba su yi rububinta ba. Ta sake aure sau biyu bayan haka, duka ta fito, domin kowanne daga cikin mazan ya ce matarsa ba za ta riƙa haye kogi a kwalekwale don ta je gona ba. Takan ce mutanen kirki ne, sai dai ba su san wake ba.

Shekarun farko waken bai yi mata abin kirki ba. Ta yi yadda kowa ke yi, ta share, ta ƙona, ta tayar da kunya, ta shuka. Rabi ya ƙi fitowa, abin da ya fito ya tsaya a ƙanjame. Wata shekara sai ta lura da wani abu. Wurin da kabewa ta yi yaɗo bara, ganyenta ya bushe ya kwanta ba a kwashe ba, waken da ya faɗa nan ya fi na ko'ina tsayi da duhun ganye. Wani zai ce ikon Allah ya wuce abinsa. Goggo ta ce ikon Allah ne, amma ta ina ya biyo? Ta durƙusa ta tura hannu ƙarƙashin busasshen ganyen, ta ji sanyi da danshi, ta ga tana.

Haka take da komai. In ka kawo mata labari, tambayarta ɗaya ce: "Ka gani da idonka, ko gaya maka aka yi?" In ka ce gaya maka aka yi, sai ta ce, "To, bari mu gani." Hausarta irin ta tsofaffin Yola ce, wadda ta tashi a bakin Fillanci, ba ruwanta da ware mace da namiji. Na taɓa ganin ta sa wa kaza zare a ƙafa don ta gane inda take zuwa ta yi ƙwai. Na taɓa ganin ta dafa shayi da ruwan rijiya uku daban-daban, ta hana kowa magana sai an ɗanɗana.

Daga kabewar nan ta gina tsarinta. Ta raba gonar biyu. Gefe ɗaya ta shuka wake mai yaɗo da kabewa, su rufe ƙasa ruf. In kaka ta yi ta tsince waken, ta ɗebe kabewar, ta bar harawa da ganye kwance a wurin, ta ƙara musu karan dawa da ciyawar da ta yanka a bakin hanya, ta kewaye da ƙaya saboda dabbobi. Wannan rufi shi take kira shimfiɗa. In ruwa ya sauka ba ta huɗa, ba ta kaftu. Sungumi kawai take sarawa ta cikin shimfiɗar, ta jefa ƙwaya uku na waken soya, ta take da diddige. Shekara mai zuwa ta juya, inda aka yi soya a yi mai yaɗo. A idon mai wucewa kuwa, gonar ta fi kama da ta wanda ya mutu ba magaji.

A kan harawar nan suka ɓata da Bappa. Shi mutum ne mai shanu, kuma a wurin mai shanu barin harawa ta ruɓe a ƙasa ya yi kusa da saɓo. Wata rana da rani ya hau har Girei da igiya da amalanke.

"Ke, harawa kamar wannan ki bar wa gara?" ya ce. "Shanuna suna tauna busasshen kara, ke kina ciyar da yashi?"

"Hamma, saniyarka in ya ci, zai tafi da shi Yola a cikinsa," in ji Goggo. "Ƙasa in ya ci, a nan zai zauna."

"Wa ya taɓa ganin ƙasa da baki?"

"Ni na gani. Zo in nuna maka."

Bai je ba. Rani guda ba su yi magana ba, sai ta bakin 'ya'ya. Abin da ya shirya su miya ce: Goggo ta daina aika daddawa gidansa, Bappa ya yi wata biyu yana faɗa da mutanen gidansa cewa miya ba ta da kai. Da suka shirya ta yarda ya kwashe harawar layi goma daga gefen gabas. Da damina ta kama hannunsa ta kai shi wurin, ta nuna masa yadda waken layukan nan ya tsaya a ƙauri, na kusa da su kuma ya kai gwiwa. Bappa ya duba, ya sosa gemu, ya ce, "To, ni na gani. Amma shanuna ba su gani ba."

Yanzu sai in zo kan nawa laifin.

Na gama makarantar koyon aikin gona ana cikin zamanin Jihar Arewa maso Gabas, aka turo ni ƙasar Girei a matsayin malamin gona. Ina da kaki, ina da keke, ina da takalmi sau-ciki da nake gogewa kullum da safe, kuma a ganina duk wanda bai shiga aji ba bai san ƙasa ba. Aikina shi ne in sa manoma su share gona fes, su karɓi huɗar tarakta, su shuka a layi. Ina tsaye ina yi wa dattawa bayani, sai wani ya ce, "Malam, ka fara da gonar goggonka mana." Kowa ya kwashe da dariya. Abin ya ci mini rai ƙwarai, domin gonar tana bakin hanya, duk wanda zai shiga gari sai ya gan ta.

Ana nan sai takarda ta zo cewa wani babban jami'i zai zo daga Maiduguri tsakiyar damina, ya duba gonakin gwaji. Ni kuwa ba ni da ko ɗaya, domin babu manomin da ya yarda ya ba ni tasa. A daidai lokacin 'yar Goggo ta yi haihuwar fari a cikin Yola, Goggo ta bar Girei ta haye kogi ta tafi zaman jego na mako biyu. Na ce wa kaina gata zan yi mata. Na sa aka janye ƙayar, na cinna wa shimfiɗar ashana da hannuna. Aikin da ta yi rani guda tana tattali ya cinye kafin la'asar. Washegari tarakta ta shiga, ta kife ƙasar, ta sake bi ta niƙe ta har ta yi laushi kamar gari. Na kafa allo a bakin hanya na rubuta cewa gonar gwaji ce. Abin da ya tsira kusurwa ce ɗaya a bayan wata 'yar turba, inda wuta ba ta tsallaka ba, tarakta kuma ba ta iya juyawa ba saboda duwatsu da wani tsohon suri. Faɗinta bai fi tsakar gida ba.

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne irin. Ƙwarya ɗaya ce tak take da ita, kuma a duk tsallaken nan babu wani mai shi. Waɗanda ta taɓa ɗiba wa, wasu sun soye sun ci, wasu sun ajiye ya mutu a tulu.

Ni na je na taho da ita daga Yola. Lokacin ba a yi gada ba, a kwalekwale muka haye, tana ta ba ni labarin jaririn, ni kuma ban gaya mata abin da na yi ba. Rana ta take tsaka muka iso. Ta tsaya a bakin gonar ta ƙare mata kallo. Sannan ta shiga, ta damƙi ƙasar ta shinshina, ta murje ta a tafin hannu, iska ta kwashe.

"Wa ya yi?"

"Ni ne, Goggo. Yanzu haka gwamnati take so a yi noma."

"Gwamnati ya san irina ƙwarya ɗaya ne?"

Na zaci za ta yi faɗa, har na shirya amsoshi daga littafi. Sai kawai ta ce, "Malamin gona, cire takalminka."

Na cire, na cire safa. Ta ce in tsaya a kan huɗar. Ban kai ƙirga ashirin ba na fara ɗaga ƙafa ɗaya ina sauke ɗaya, ga mutane suna wucewa a hanya suna kallon ma'aikacin gwamnati yana rawa. Ta ja ni muka tsallaka turbar, ta ɗaga shimfiɗar da sandarta, ta ce in sa ƙafa. Sanyi na ji, da ɗan danshi, kamar gindin randa.

"Kai kana da ƙafa, ka gudu," ta ce. "Wake ina zai gudu?"

Ruwan shuka ya sauka bayan kwana biyu. Kusurwar nan ba ta ɗauki fiye da tafi biyu na iri ba, sauran dole ya shiga huɗata, domin ajiye shi daidai yake da zubar da shi. Tana jefa ƙwayar tana takewa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Tunda ka riga ka ɓata, bari mu gani. Wataƙila littafinka ya san abin da ban sani ba." Da gaske take faɗa, kuma wannan ya fi zagi yi mini ciwo.

Kwana uku da shuka aka yi ruwa mai ƙarfi da iska. Ƙasar da na niƙe ta narke ta zama kunu, wani sashe ya bi gangare zuwa hanya. Rana ta fito ta gasa abin da ya rage, ya yi ɓawo mai tauri. Mako ya cika, huɗar tana nan fayau, sai tsiro jefi-jefi. Goggo ta aika a kira ni daga ofis. Na same ta a durƙushe tana ɓamɓare ɓawon da tsinke.

"Zo ka ga abin mamaki," ta ce. "Dawa da tsini yake fitowa, yana huda ƙasa. Wannan kuwa da wuya yake fitowa a lanƙwashe, yana jawo kansa daga baya. Duba, ya tura, ƙasa ya ƙi buɗewa, wuyan ya karye."

Na duba. Rami bayan rami, farin wuya a karye ƙarƙashin ɓawo. Irinta ne ke mutuwa a gabanta, amma muryarta irin ta wanda ya gano sabon abu ce. Ni ne na kasa riƙe hawaye.

Daga nan ruwa ya ɗauke. Shekarar farin nan ce da duk sa'ana yake tunawa. Kwana ashirin babu ko yayyafi, 'yan tsirarun da suka fito a huɗar suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Kusan duk abin da ya rage na waken Goggo a duniya yana cikin kusurwar nan ta bayan turba. Da tsakar rana ganyen yakan yi laushi ya sunkuya, da yamma ya miƙe. Na roƙe ta ta bar ni in riƙa jido ruwa daga rijiya ina zubawa. Ta yi tunani ta ce, "Layi biyu ka ba su ruwa, saboda iri. Sauran ka bari mu gani." Na ce Goggo, wannan lokacin gani ne? Ta ce in ba a irin wannan shekara ba, yaushe za a gani? Haka na yi ta jido safe da yamma, da kakina, da garwa biyu a kafaɗa, dattawan da na yi wa lacca suna yi mini sannu da aiki. Da ruwa ya dawo, layukan da ban shayar ba suna nan da ransu, sun dai fi sauran gajarta da kamar taƙi ɗaya.

Ana cikin haka babban jami'in ya iso a mota Landiroba. Ya sauka ya karanta allona, ya dubi fili fayau babu komai sai ɓawo da tsagewa, ya dube ni. Na san aikina ya zo ƙarshe. Sai idonsa ya kai kan koren da ke bayan turba. Ya taka har can, ya tsuguna, ya ɗaga shimfiɗar, ya tura yatsa.

"Wannan fa, wa ya tsara shi?" ya tambaya.

Goggo ta gyara mayafi ta matso.

"Ranka ya daɗe, ɗana ne. Shi ya ce mu raba gona biyu, ɗaya a huɗa, ɗaya a rufe, mu gani wanne zai tsaya wa fari."

Mutumin ya ciro littafi ya yi rubutu mai tsawo, ya miƙo mini hannu. Bayan wata biyu takardar yabo ta zo, daga baya aka tura ni ƙaro ilimi, daga nan girma ya yi ta zuwa. Da motar ta tafi na ce, "Goggo, me ya sa kika faɗi haka?" Ta ce, "In an kore ka, wa zai kawo mini littafin nan mai hoton saiwa? Ɗauki garwa, rana yana faɗuwa."

Kusurwar ta ba da ƙwarya ɗaya da rabi. Shekarar nan ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga tukunya ba, gidan Bappa ma haƙuri suka yi da kalwa. Ranar da muke tugewa ta nuna mini wasu ƙulle-ƙulle a jikin saiwar, ta fasa ɗaya da farce, cikinsa ja kamar nama. Wannan na san shi, na yi mata bayani da murna cewa a nan waken yake haɗa wa kansa taki daga iska. Ta gyaɗa kai, ta ɗauko wata saiwa daga 'yan kaɗan da suka rayu a gefen da na ƙona. "To me ya sa na nan ƙanana ne, kuma cikinsu fari?" Ban sani ba. Na ce zan duba. Ta tambaye ni wannan tambaya kusan kowace kaka har na yi furfura.

Wani zai zaci ta tsaya nan tana cewa ta yi nasara. Da rani ta zo ta same ni da damuwa a fuska. Ta ce kusurwar nan akwai suri, kuma kowa ya san ƙasar suri tana da ƙarfi. Ina aka san shimfiɗa ce ta yi aikin, ba surin ba? Saboda haka shekaru uku a jere ta yanka gonar gida-gida nesa da surin, nan a huɗa, nan a rufe, nan a huɗa sannan a rufe, tana auna abin da kowane gida ya bayar da ƙwarya ɗaya. A kan tudu shimfiɗa ta ci kowace shekara. Amma a ƙasan gonar akwai wani ɗan kwari mai laka inda ruwa ke kwanciya. A nan waken da ke ƙarƙashin shimfiɗa ya yi rawaya, saiwarsa ta ruɓe, gyare kuma ya samu maɓoya yana datse tsiro, na kan kunya kuwa ya yi kyau. Ta kira ni ta nuna mini. "A nan kai ne da gaskiya, malamin gona. Rubuta a littafinka, kada ka ce ban taɓa faɗa ba."

Na rubuta wannan. Abin da ban rubuta ba shi ne sunan mai aikin. Na tsaya a gaban manoma da ɗalibai ba adadi ina bayanin rufe ƙasa, ana tafa mini. Ranar walimar ajiye aikina na yi niyyar faɗa, tana zaune a sahun gaba, amma da aka fara yabo sai na ji daɗinsa na bar shi ya wuce. Ba tsoro ba ne, domin a lokacin babu mai korata. Son yabo ne kawai, kuma ina jin kunyarsa har yau. Ita ko sau ɗaya ba ta taɓa tayar da maganar ba, sai dai in na cika baki a gabanta takan dubi takalmina ta yi murmushi.

Bayan addu'ar bakwai aka yi ruwa mai kyau. Gonar Girei yanzu gidajen ɗalibai sun kewaye ta ta gefe uku, masu son saye kuma sun fara zuwa tun ba a naɗe tabarmin makoki ba. Ƙanwata ta ce musu a bari damina ta wuce. Na jiƙa ƙwaya goma a tsumma kamar yadda Goggo take yi, bakwai suka tsaga. Ranar Asabar muka tafi da ita da tulun, muka tarar da matan Girei huɗu suna jiranmu da sungumi. Shimfiɗar da Goggo ta sa aka yi bara tana nan kwance cikin ƙaya. Na aika aka kira malamin jami'ar nan, ya zo.

A bakin turbar na gaya masa duk abin da na rubuta a nan, matan suna ji. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, tawali'u ne irin naku." Na ce ba tawali'u ba ne, ni ne na sa ashana. Da na ga har yanzu bai gamsu ba, na ce ya cire takalminsa. Ya tsaya a kan turba, ya sa ƙafa a ƙarƙashin shimfiɗa, na ce masa haka aka koya mini, kuma Goggo ce ta koya mini, in zai ba da misali ya ba da shi da ita.

Kafin mu fara na ɗebi tafi guda-guda na ba kowace daga cikin matan ta kai gonarta, domin kada irin nan ya sake zama a tulu ɗaya. Sauran muka shuka. Layi uku na iya yi gwiwa ta ƙi, na zauna a kan dutsen da ya hana tarakta juyawa, ƙanwata ta zauna kusa da ni. Na tambaye ta abin da ke cina tun ranar sadakar uku. Ga mata nan da suka fi ni ƙarfi, suka fi ni iya sungumi, me ya sa Goggo ta ce ni za a ba?

"Na tambaye ta haka," in ji ƙanwata. "Ta ce kowa zai iya mantawa da shi a tulu, ban da kai. Ta ce kai kaɗai ka taɓa ganin wuyansa a karye."

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya ƙasar da aka ba ta amana. Jiya kwana shida da shuka, na hau mota na koma Girei. Na durƙusa da ƙyar na ɗaga shimfiɗar da tsinke. Sun fito, kowanne da wuyansa a lanƙwashe, yana jawo kansa daga baya.